Kezia da Tsohon Tanderu

A unguwar Dubeli ta Jimeta in ka tambayi gidan Kezia Absalom ba lalle ne a gane ba. Amma in ka ce matar Hosea mai gyaran rediyo, nan take za a nuna maka lungun, a ƙara maka da cewa ai malamar makaranta ce. Haka ne kuwa. Fiziks take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Jimeta, inda ni ma nake koyar da Hausa, teburinta na maƙwabtaka da nawa a ɗakin malamai. Sai dai tana da wani aikin da mutanen unguwa ba su cika sani ba. Shekara da shekaru ke nan tana gasa wasu 'yan ƙwayoyin tangaran, faɗinsu bai wuce maɓallin riga ba, tana auna yadda suke riƙe wutar lantarki.

A wani ƙauye ta wajen Guyuk aka haife ta. Mahaifinta malamin firamare ne, mahaifiyarta kuma, Mama Fibi, maginiyar tukwane. Kezia ta taso tana ɗebo kirare da busasshen kashin shanu na gashin tukwane, kuma ta ce mini ba aikin da ta tsana kamarsa, saboda hayaƙin yana sa ta tari. Lissafi take so. Da ta gama digiri a fiziks sai ta sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a Mubi. Can ta haɗu da Hosea, ranar da aka kira shi ya duba musu wata mita da ta daina aiki. Ya gyara mitar cikin ɗan lokaci, amma ya yi ta dawowa yana tambaya ko ta sake lalacewa, har abokan aikinta suka gane ba mitar yake zuwa dubawa ba.

Bayan aurensu ta shiga karatun digiri na biyu a wata jami'a a nan Yola, tana zuwa tana komawa. Malamin da aka haɗa ta da shi shi ne Dakta Bobboyi, wani dattijo siriri ɗan unguwar Wuro Hausa, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci. Shi ya zaɓa mata abin da za ta bincika.

Ga yadda ta bayyana mini shi, ni da ban san komai a fannin ba. Akwai wani farin gari da ake kira bariyom taitanet. In aka danne shi ya dunƙule, aka gasa shi da wuta mai tsanani, sai ya zama tangaran mai wani hali na musamman. A cikinsa akwai ƙananan sassa da ido ba ya gani, kowanne yana da kai da gindi ta fuskar lantarki. Da an ba shi wuta sai duk su juya su fuskanci gefe guda, kamar ɗalibai a layin asambuli, kuma ko an ɗauke wutar ba sa watsewa. Wannan halin ne masana ke kira feroilektirik. Da irin wannan tangaran ake yin kondensa, ɗan abin nan da ke tara wuta ya sake ta a cikin rediyo da waya da caja. Sai dai zafi na juya shi. In ana ɗumama shi, ƙarfin riƙonsa yana ɗan hawa, wajen digiri ɗari da ashirin ya yi tsalle ya kai ƙololuwa, daga nan ya rikito ƙasa, layin ya watse. Aikin Kezia shi ne ta riƙa barbaɗa wa garin wani sinadari kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake sa wa miya kanwa, ta ga yadda halin zai sauya.

Sinadarin da ta fara da shi yana son wuta mai yawan gaske, wadda babu tanderun da ke kaiwa nan kusa. Saboda haka duk hutu sai ta ɗauki garinta ta tafi wata jiha mai nisa ta gasa, ta dawo. A cikin shekara biyu ta tara ƙwayoyin da suka kusa cika gwangwanin alewa, kowacce a naɗe cikin auduga. Wata rana Mama Fibi ta kai musu ziyara Mubi, Kezia ta buɗe gwangwanin ta nuna mata da alfahari. Tsohuwar ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunne.

"Ya gasu," in ji ta, da irin Hausarta ta mutanen can. "Amma duk karatun nan, ashe tukunya ne kike gasawa. Tukunyan ma ba shi da baki."

Ba ta kai ga auna yawancinsu ba aka shiga ƙarshen Oktoban 2014. Da safe tana wurin aiki aka fara jin harbi daga bakin gari, 'yan tada ƙayar baya sun shigo. Kafin a yi shawarar abin yi, titi ya cika da mutane suna gudu. Hosea yana shagonsa a kasuwa, waya ta ƙi shiga, ita kuma tana da ƙaramin ciki. Ba ta koma gida ba. Ta bi ayarin da ya yanki gonaki ya nufi duwatsu, da takalmin ofis a ƙafarta, har sai da ya tsinke ta ci gaba ba takalmi. Sun yi kwanaki suna tafiya kafin su tsallaka iyakar ƙasa. Ba ta son ba da labarin wannan tafiyar, ni ma ban taɓa matsa mata ba. Abin da kawai ta faɗa mini shi ne wata tsohuwa da ba ta sani ba ta riƙa raba mata ɗanyar gyaɗa a hanya, da ta lura da yadda take dafe mara.

Daga baya aka kwaso su a babbar mota aka zagayo da su Yola. Hosea ya riga ta isowa ta wata hanyar, yana ta bin sansanonin 'yan gudun hijira da coci-coci yana cigiya. A gidan wansa Jerry, a Dubeli, suka haɗu. Ya dawo daga nema da rana tsaka, ya tarar da ita zaune a bakin famfo, matar Jerry, Becky, tana gasa mata ƙafa da ruwan zafi. Ya zo ya karɓi tsumman daga hannun Becky ya ci gaba da gashin.

Gidan ya cika maƙil a lokacin. Ana kwana a falo, ana kwana a baranda, ana dafa abinci a tukunyar biki. Kezia ta shiga cikin matan tana tankaɗe tana wanke-wanke, ta cire karatu daga ranta gaba ɗaya. Ana cikin haka wata ranar Asabar tsohuwar motar Dakta Bobboyi ta tsaya a bakin lungu. Ashe bin ɗalibansa na can arewa yake yi ɗaya bayan ɗaya, yana neman ya san wa ya fito. Ya shigo da ƙwaryar kindirmo da matarsa ta ba shi ya kawo, ya zauna a kan tabarma, ya yi doguwar gaisuwa irin tasu, ya jajanta wa kowa. Sai da ya tashi tafiya ya dube ta.

"'Yata, aikin fa?"

"Baba, babu aiki. Yana can Mubi a cikin kabad, in ma kabad ɗin yana nan."

"To, ke dai kina nan," in ji shi. "In kin huta ki leƙo ni."

Ta ce to, don ladabi kawai. Ba ta da niyyar zuwa.

Abin da ya sauya mata ra'ayi a asibiti ya faru. Tun isowarta hankalinta bai kwanta da cikin ba, saboda wahalar hanya, sai Becky ta raka ta wani ƙaramin asibiti a yi mata hoton ciki. Nas ɗin, wata mai fara'a da ake kira Hilda, ta shafa mata mai, ta ɗora kan na'urar a cikinta, ta juyo mata da allon. Ga ɗan abu yana motsi, zuciya na bugawa. Kezia ta daɗe tana kallo, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta. Da aka gama, tana goge jiki, idonta ya tsaya a kan abin da ke hannun nas ɗin.

"Sista, ko zan iya riƙe shi?"

Hilda ta miƙa mata tana mamaki. Kezia ta shafa bakinsa da yatsa. Ta san abin da ke ciki: 'yan ɓallin tangaran ne, dangin waɗanda ta bari a Mubi. In aka ba su wuta sai su girgiza su aika sauti cikin jiki, in sautin ya dawo su mayar da shi wuta, na'ura ta zana hoto. Ta sha karanta wannan a littafi, ta sha rubuta shi a jarrabawa, amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wata rana a jikinta za a ɗora shi ba.

"Madam, ke daban ce," in ji Hilda tana dariya. "Kowa tambaya yake mace ce ko namiji, ke kuma injin kike dubawa."

A hanyar komawa gida ta ce wa Becky in ta sauka lafiya za ta je ta ga malaminta. Ta haifi 'ya mace a farkon damina, suka sa mata suna Tracy. Da jaririyar ta yi ƙwari, sai ta bar ta wurin Becky wata safiya, ta hau mota ta tafi jami'a.

Dakta Bobboyi bai yi wani dogon jawabi ba. Ya ɗauki makulli ya kai ta wani ɗakin ajiya a bayan sashensu, ya yaye buhunan da ke rufe da wani tsohon tanderun lantarki mai girman ƙaramin firij. Ya ce wannan kaɗai suke da shi, kuma ko a ƙuruciyarsa ba ya kai zafin da sinadarinta na da yake bukata. Tafiya wata jiha kuwa, da goyo, ga hanyoyi yadda suke, ba zance ba ne.

"Ke nan ba zai yiwu ba," in ji ta.

"Da wancan sinadarin ba zai yiwu ba. Amma ina da sauran bismot da magniziyom a kwalba. Bismot yana sa tangaran ya gasu a zafin da bai kai haka ba. Sai dai ki sani, daga farko za ki soma, kuma ban san abin da za ki samu ba."

Ta ce za ta gwada. Hosea, wanda a lokacin ya kafa ɗan tebur a gaban shagon wani yana gyaran waya da caja, ya zo ya kwance kan tanderun, ya sauya wayoyin da ɓera ya ci, ya gyara abin da ke daidaita zafi. Aka ba su izinin tada janareta ranar Asabar, daga safe har la'asar. Saura injin danne gari, wanda na jami'ar ya daɗe da tsayawa. Hosea ne ya tuna da wani garejin makanikai a Jimeta mai injin da suke danna boris da shi, ƙarfen nan da tayar mota ke juyawa a kansa. Wani mai aikin ƙarfe ya feƙe mata ɗan bututu da sandar da ke shiga cikinsa daidai, mai garejin kuma ya ce ta zo duk lokacin da injin ba ya aiki. Haka tsarin ya zama: ta niƙa gari a jami'a, a turmin dutse, har hannunta ya yi kanta, ta kawo shi gareji ta danne, ta mayar ta gasa.

Gashin farko ƙwayoyin suka lanƙwashe kamar ƙuli-ƙuli. Na biyu janareta ya mutu a tsakiyar aiki, suka huce da sauri, suka tsattsage. Na uku suka fito da ramuka, don bismot yana tashi ya bi iska in ya ji wuta. Sai ta koyi binne su a cikin irin garinsu, ta kife musu murfi.

A wannan shekarar ne bam ya tashi a kasuwa a Jimeta, gari ya tsure, aka ƙara shingaye a hanya. Wata safiya tana dawowa daga jami'a sojoji suka tsayar da motarsu a bakin gada, aka ce kowa ya sauko ya buɗe jakarsa. Sojan da ya duba tata ya zaro kwalabe uku cike da farin gari, ga ɗan bututun ƙarfe, ga 'yan wayoyi da Hosea ya ce ta taho masa da su. Fuskarsa ta sauya. Ya ja da baya, ya gyara riƙon bindigarsa.

"Madam, mene wannan?"

"Kayan karatu ne. Ni ɗaliba ce."

"Ina katin makaranta?"

Katin yana Mubi tare da komai nata. Kafin ta rufe baki, matan da suka taho suna hira da ita a mota sun dare sun koma can nesa. Aka zaunar da ita a gindin wata bishiya, aka ajiye jakar a tsakiyar fili, aka sallami motar. Ta ce mini ba ta ji haushin matan ba. "Ni ma da ni ce da na matsa," in ji ta. Abin da ya dame ta shi ne nono ya cika mata, ta san Tracy na can tana kuka.

Suka bar ta ta kira Dakta Bobboyi. Bai daɗe ba ya iso, ya fito a hankali da sandarsa, ya gaida sojojin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna nasa katin, ya nemi ganin babbansu. Ya yi masa bayani dalla-dalla, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba ta garin nan da hannuna. In akwai wanda za a riƙe, ni ne. Ita tana da jaririya a gida." Ya je da kansa ya buɗe kwalba ɗaya, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya murza. Babban sojan ya sunkuya ya duba, ya yi 'yan tambayoyi, ya ce su tafi, amma a yi mata sabon kati. Tun daga ranar, duk sanda ta zo wucewa sai sojojin wurin su ce, "Madam Hoda, an dawo?" Wani lokaci ma su suke tsayar mata da mota.

Sai da shekara ta zagayo ta sami ƙwayoyi masu kyau, sumul, masu ƙara in an ƙwanƙwasa. Ta shafa musu ruwan azurfa gaba da baya, ta sa ɗaya a ƙaramin murhun gwaji, ta haɗa da mita. Aikin shi ne ta riƙa ƙara zafi sannu a hankali tana karanta ƙarfin riƙon wutar, kuma ta yi haka da wuta mai kai-komo a hankali, da mai matsakaicin sauri, da mai sauri sosai. Da ta gama ta zana sakamakon. Abin da take jira shi ne tsini, irin na duwatsun Song, layi ya hau tsaye ya sauko tsaye. Abin da ya fito kuwa wani shimfiɗaɗɗen tudu ne mai faɗi, ba ka ma iya nuna inda ƙololuwarsa take da kyau. Abin da ya fi ɗaure mata kai, layukan uku ba su haɗu wuri guda ba. Duk sanda ta ƙara saurin wutar sai tudun ya matsa wajen zafi, ya ɗan rage tsawo.

Abu biyu suka zo mata a rai. Ko dai mitar ta lalace, ko kuma man gareji ya gurɓata mata gari, shekara guda ta tafi a banza. Ta sake aunawa da wata ƙwayar, abu ɗaya ya fito. Dakta Bobboyi yana gida a lokacin, ƙafa ta kwantar da shi, sai ta naɗe takardar zanen ta tafi Wuro Hausa. Matarsa, Goggo Sabuwa, ta shigar da ita har rumfar da yake kishingiɗe, ta kawo mata kunun gyaɗa.

"Baba, ina jin aikin ya lalace," in ji Kezia, ta shimfiɗa masa takardar.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya bi layukan da yatsa. Sannan ya ce, "Kina da ƙwayar da ba ki sa mata komai ba?"

"Ina da guda biyu. Ba su gasu sosai ba."

"Ba komai. Je ki auna ɗaya da wannan mitar, a wannan murhun. Kada ki sauya ko waya ɗaya. Sai ki dawo."

Ta je ta auna. Tsini ya fito tsaf a inda aka san shi, layukan uku duk a wuri guda. Mitar lafiyarta lau. Da ta koma ta nuna masa, sai ya tashi zaune, abin da Goggo Sabuwa ta ce ya kwana biyu bai yi ba sai da taimako.

"Aikinki bai lalace ba," in ji shi. "Tangaran ɗinki ne ya zama abin da ake kira rilakso. Bismot da magniziyom sun shiga sun zauna barkatai a cikinsa, sun hana dogon layin nan haɗuwa. Yanzu sassan sun rabu gungu-gungu, wani ƙarami wani babba, kowanne da inda ya fuskanta. Ƙananan suna juyawa da sauri, manyan suna da nauyin jiki. In wuta na kai-komo da sauri, manyan ba sa iya bin ta sai an ƙara musu zafi. Shi ya sa tudun yake matsawa. Kuma tunda ba lokaci ɗaya suke sakin jiki ba, babu tsini."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na daɗe ina zana wa ɗalibai wannan a allo, daga littafi. Ban taɓa ganin ya fito daga mitarmu ba."

Ya gaya mata gaskiya cewa ba ita ta fara ganin haka a duniya ba, wasu a ƙasashen waje sun gani a gauraye masu kama da nata. Amma awon da ta yi nata ne, kuma mai tsabta ne. Da ta koma gida ta yi wa Hosea bayani, shi ta wani gefen ya kalli abin. Ya tambaye ta daga wane zafi zuwa wane zafi tudun yake a shimfiɗe. Ta ce daga kamar sanyin safiya har ya wuce zafin tafasar ruwa bai sauya sosai ba.

"To ai mu wannan muke nema," in ji shi. "Ki zo shago a watan Afrilu ki gani. Caja da injin sola tuli guda, zafi ya gigita su. Cikin akwatin injin, a ƙarƙashin rufin kwano, ko hannu ba ki iya sawa."

Ta ce masa kada ya yi saurin murna, tsakanin ƙwayarta da kondensar da za a sa a inji akwai tafiya mai nisa. Amma maganar ta zauna mata, ita ce ma ta zama tambayar da ta ci gaba da bi.

Ta kare aikinta a gaban malamai, ta karɓi digirinta. Da hanya ta buɗe sun je Mubi sau ɗaya, suka tarar an kwashe gidan har ƙofofi, suka gaisa da maƙwabtan da suka dawo, suka juyo. Hosea ya riga ya kama shago nasa a Dubeli, ita kuma ta sami koyarwa a makarantarmu. Suka ƙara samun ɗa namiji. Dakta Bobboyi ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, amma kafin ya bar aiki sai da ya ga ta shiga karatun digiri na uku a hannun wani tsohon ɗalibinsa. Duk ƙarshen wata tana zuwa Wuro Hausa ta karanta masa abin da ta samu, yana kishingiɗe yana gyara mata.

Matsala biyu suka tsaya mata a 'yan shekarun nan. Ta farko, ƙwayoyinta suna yoyon wuta in zafi ya yi yawa, kamar randa mai tsattsafo. Ta biyu, gefe ɗaya kawai na tudun take gani. Ɗaya gefen yana can cikin sanyi, ƙasa da daskarewar ruwa, Yola kuwa ba garin sanyi ba ne. Sai ta je wurin Adda Yusrah, mai sayar da ƙanƙara a bakin titinsu, ta riƙa karɓo ƙanƙara tana dakawa da gishiri a cikin fulas, ta tsoma ƙwayar a cikin kwalbar gwaji. Ta sami ɗan ƙari a zanenta, amma bai kai inda take so ba. Duk da haka ta rubuta abin da ta samu, da yadda ta same shi, har da fulas ɗin, aka buga a wata mujallar masana.

Bara sai ga saƙo daga wata farfesa a wata jami'a a kudu, wadda ta karanta rubutun. Ta ce suna da na'urar da ke kai sanyi can ƙasa sosai, in Kezia za ta iya zuwa da ƙwayoyinta a dogon hutu, ga ɗaki a gidanta. Kezia ta yi ta jan ƙafa saboda yara. Hosea ya ce ta tafi, shi da Becky sun isa, Tracy ma ta girma har tana dafa shinkafa. Ta tafi.

Ta dawo ana gobe za a koma makaranta, ta rame kaɗan, tana ƙorafin abincin can ba yaji irin namu. A ɗakin malamai ta buɗe mini zanen a wayarta. Tudun ya cika, ga shi ya gangaro ta gefen sanyi, layukan sun buɗe kamar yatsun hannu. Ban fahimci lambobin ba, amma na ga yadda take riƙe da wayar.

"Yoyon fa?" na tambaye ta.

"Shi ne saura. Farfesa ta ce in gwada ɗan manganis, ɗan kaɗan ƙwarai, wataƙila ya toshe shi. Ta ba ni a kwalba." Ta buɗe jaka ta nuna mini, wani baƙin gari ne da bai kai cikin cokalin shayi biyu ba. "Ba ta ce lalle zai yi ba. Ta ce in ya yi in sanar da ita, akwai wasu da za ta haɗa ni da su, masu iya yin siraran fallaye irin na kondensar gaske."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta mayar da kwalbar, ta ɗauki alli da littafin darasi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in ina da sarari ran Asabar in zo in ga yadda ake gashin, amma in taho da mafici da ruwan sha, don ɗakin ba ya shiguwa in tanderun ya ɗauki zafi. Na ce mata zan zo.